Bitar kwana huɗu kan koya wa ɗaliban injiniya aiki tare: abin da na biya da abin da na dawo da shi aji

Shekara 11 ke nan ina koyar da ɗaliban injiniyan gine-gine a wata jami'a a Arewa, kuma ban taɓa gama zangon karatu ban ba su aikin rukuni ba. Yadda nake yi, sai in ɗauko rajista in yanka sunaye goma-goma, in ba kowane rukuni tambaya, in ce a kawo rahoto nan da mako uku. Rahoton yakan zo da bango mai kyau, sunaye goma a jere. Na san mutum biyu ne suka yi shi, sauran takwas kuɗin bugawa kawai suka haɗa. Su ma sun san na sani. Haka muke tafiya, ina sa maki, suna wucewa.

Abin da ya tashe ni tsaye waya ce daga wani abokina ɗan kwangila. Ya ɗauki wani tsohon ɗalibina aiki, yaro mai ƙwaƙwalwa, wanda ni na rubuta masa takardar shaida da hannuna. Ya ce mini, "Malam, yaronka ya san lissafi, wannan ba musu. Amma ranar zubin dakin, wato rufin kankare, yana tsaye leburori suna ta ƙara ruwa a kwaɓi don ya yi musu sauƙin zuba, ya gani, ya rubuta a littafinsa, bai ce wa kowa uffan ba. Sai da sakamakon gwajin kankare ya dawo da rauni ya nuna mini abin da ya rubuta." Da na kira yaron na tambaye shi, sai ya ce shugaban birkilolin ya haife shi, bai san ta inda zai fara ba. Wannan magana ta zauna mini a rai. Shekara biyar yana hannunmu, mun koya masa dalilin da ya sa yawan ruwa ke kashe ƙarfin kankare, ba mu taɓa sa shi ya buɗe baki ya faɗa wa wani mutum hakan ba.

Shi ya sa da na ga sanarwar wata bita ta kwana huɗu a Kaduna, a lokacin hutu, kan yadda malaman injiniya za su koya wa ɗalibai aiki tare da iya bayani ta hanyar sa su cikin aikin da kansu, na rubuta sunana. Sashenmu bai biya ba, daga aljihuna na fitar da Naira 85,000, kuɗin da ya haɗa da abincin rana da takardu, ban da masauki. Ba zan kama sunan masu shirya ta ba, tunda akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa. Mutum biyu ne ke jan ragama: wani dattijon injiniya da ya yi ritaya bayan shekaru yana aikin hanyoyi da madatsun ruwa, kowa na ce masa Baba, da wata malama injiniyar lantarki, matashiya, wadda ita ce ta tsara yawancin darussan. Mu 34 ne mahalarta, daga jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha.

Ranar farko ba a yi jawabin buɗe taro ba. Muna zama aka ce kowa ya juya wa na kusa da shi baya. Aka ba ni zanen wani ƙaramin abu mai kusurwoyi, aka ba abokin zamana guntayen kwali, aka ce in yi masa bayani da baki kawai har ya haɗa abin da ke hannuna, ba ya gani, ba na gani, minti takwas. Da muka juyo, abin da ya haɗa bai yi kama da nawa ba. Na yi ta cewa "ɗora shi a hagu", alhali hagun nawa shi ne damansa. Na ce "babban", ban faɗi tsawonsa ba. Shi kuma, malami ne mai shekaru a aiki, bai tambaye ni ko sau ɗaya ba, don kada ya zama kamar bai gane ba. A cikin mu 17 biyu-biyu, uku ne kawai suka dace, kuma dukansu ukun masu ginin ne suka riƙa katse mai bayani suna cewa "tsaya, maimaita, kana nufin kaza?" Malamar ba ta yi dogon sharhi ba. Ta ce mu duba wa ya yi tambaya, wa bai yi ba. Na tuna ɗalibina tsaye a gaban kwaɓi.

Bayan azahar ta kawo hujjarta. Ta yi maganar binciken da Scott Freeman da abokan aikinsa suka wallafa a 2014, inda suka tattara nazarce-nazarce 225 kan darussan kimiyya, lissafi da injiniya. A azuzuwan da malami ke magana shi kaɗai, kusan kashi 34 cikin 100 na ɗalibai ke faɗuwa, a waɗanda ake sa ɗalibai aiki da tattaunawa kuma kusan kashi 22. Abin da ya ƙara mata daraja a idona shi ne da bakinta ta ce wannan adadi kan cin jarrabawa yake, ba kan iya aiki da mutane ba, don haka kada mu ɗora masa nauyin da bai ɗauka ba. Ta kuma kawo Jami'ar Aalborg ta Denmark, wadda tun kafa ta a 1974 ɗalibanta ke karatu ta hanyar aikin rukuni kan matsala ta gaske, da tsarin koyar da injiniya mai suna CDIO da jami'ar MIT ta Amurka da jami'o'i uku na Suwidin suka fara a 2000. Baba ya ƙara da cewa wannan ba batun ƙasashen waje ba ne kawai. Yarjejeniyar Washington ta 1989, wadda ake auna digirin injiniya da ita tsakanin ƙasashe, ta sa aiki cikin rukuni da iya bayani cikin abubuwan da dole mai digiri ya mallaka, kuma COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ta karkata ga wannan tsari wajen tantance kwasa-kwasanmu. Duk wanda ya zauna cika takardun tantancewa kwanan nan ya ga waɗannan layuka biyu, ya kuma san yadda muke cika su ba tare da wani abu na zahiri a bayansu ba.

Rana ta biyu ita ce ta biya ni kuɗina. An raba mu biyar-biyar, aka ba kowane mutum takarda daban, aka hana mu nuna wa juna, sai dai mu faɗa da baki. Labarin otal ɗin Hyatt Regency ne na birnin Kansas a Amurka, inda a ranar 17 ga Yulin 1981 gadoji biyu na tafiya da ke rataye a cikin zauren otal ɗin suka rufto kan jama'a, mutum 114 suka mutu, fiye da 200 suka ji rauni. A zanen asali, sandar ƙarfe ɗaya doguwa ce za ta sauko daga rufi ta ratsa gadar hawa na huɗu ta riƙe ta hawa na biyu. Masu ƙera ƙarfen suka ga hakan zai yi wuyar haɗawa, suka mayar da ita sanduna biyu: ɗaya daga rufi zuwa gadar sama, ɗaya daga gadar sama zuwa ta ƙasa. A ido ƙaramin canji ne. A lissafi kuwa ya ninka nauyin da ke kan mahaɗar gadar sama sau biyu, kuma zanen da aka canza ya wuce da amincewar ofishin injiniya ba tare da an sake lissafin ba.

Ba a ba mu labarin a dunƙule haka ba. Ni takardar mai ƙera ƙarfe aka ba ni, wani ta injiniya mai zane, wani lissafin nauyi, wata zanen farko, wani zane na biyu. Babu wanda zai iya gano abin da ya faru shi kaɗai. A rukuninmu akwai wani malami mai shiru-shiru daga wata kwaleji, wanda tun jiya bai ce komai ba, kuma shi ne ke riƙe da zane na biyu. Mun shafe kusan minti 20 muna gardama kan ingancin ƙarfe, mu masu baki, kafin wata a cikinmu ta juya ta ce, "Malam, kai me ke cikin taka?" Yana bayyana sandunan nan biyu, kowa ya yi tsit. Amsar tana zaune a kusa da mu tun farko.

A nan na gane kuskuren da na shekara 11 ina yi. Ina ba mutum goma aikin da mutum ɗaya zai iya gamawa a dare ɗaya, sannan ina jin haushin cewa takwas sun zama 'yan rakiya. In ana son su yi aiki tare, dole a gina aikin ta yadda ba zai yiwu ba sai da kowa. Malamar ta ce wannan dabara ta raba wa kowa guntu ɗaya Elliot Aronson ne ya fito da ita a 1971 a birnin Austin na jihar Texas, a makarantun da aka haɗa yara farare da baƙaƙe da 'yan asalin Meziko suna ƙin juna, don kowane yaro ya zama yana buƙatar na kusa da shi. Baba kuma ya rufe zaman da labaran wuraren aiki da ya gani da idonsa, inda aka canza girman rodi ta waya ba wanda ya rubuta. Bai ɗaga murya ba, amma da ya ce "duk abin da aka canza a baki, a mayar da shi takarda kafin rana ta faɗi", na ga mutane da yawa suna rubutawa.

Rana ta uku ta zo da abin da bai yi mini ba. An kawo wasan nan da ya shahara a tarukan ƙasashen waje, a ba rukuni silin taliya 20, da zare da salatif, su gina hasumiya cikin minti 18 su ɗora wata alawa mai laushi a samanta. Wani dattijo a cikinmu ya ƙi taɓawa, ya ce shi ba ya wasa da abinci, kuma gaskiyarsa ce. A garin da ɗalibi ke shigowa aji bai karya ba, ba zan kakkarya taliya in zubar a gabansa ba. Masu bitar sun ɗauko darasin yadda suka same shi, ba su tsaya sun tambayi kansu a ina za a yi shi ba. Da aka yi magana sun karɓa da kyau, har muka yi shawarar karan dawa da zare, a gwada ƙarfin gada da ledojin fiya wata, tunda kowace leda rabin lita ce, wato kusan rabin kilo, kowa zai iya ƙirga nauyin da ido. Amma wannan gyara daga wurinmu ya fito, mu da muka biya kuɗi.

Sauran ranar ta yi amfani. An yi bayanin matakai huɗu da Bruce Tuckman ya zayyana a 1965, cewa rukuni yakan fara da ɗari-ɗari, ya shiga saɓani, ya daidaita, sannan ya kama aiki sosai. Amfanin wannan a wurina shi ne in daina wargaza rukuni da zarar sun zo ofis da ƙara a mako na biyu. An ba mu ƙa'idoji masu sauƙi da na riƙe: rukuni kada ya wuce huɗu ko biyar, malami ne zai haɗa ba abokai su zaɓi juna ba, a riƙa juya shugabanci da rubutu da gabatarwa. Malamar ta nace kan abu ɗaya, cewa kada a watsa ɗalibai mata ɗai-ɗai a cikin rukunonin maza don a ce an yi adalci. Ta ce ita ta yi karatu ita kaɗai a irin wannan rukuni, aikinta ya zama riƙe biro. A sa su biyu-biyu. A ajina mata ba su kai 15 ba, kuma na ga gaskiyar maganarta daga baya.

Rana ta huɗu ce aka ware wa batun maki, kuma a nan bitar ta gaza. Wannan ne wurin da kowane malami ke jira, domin ɗalibi ba ya ɗaukar abin da ba maki a kansa da muhimmanci. Abin da aka nuna mana manhaja ce ta intanet da ɗalibai za su shiga su auna junansu a asirce. Wutar wurin taron ta ɗauke, janareta ya ɗauki lokaci, intanet ɗin ya ƙi, aka ƙare da kallon hotunan allon kwamfutar malamar. Na ɗaga hannu na ce, "Injiniya, ajina mutum 170 ne, bencina a kafe suke da ƙasa, ni kaɗai ne ba mataimaki. Yaya zan yi?" Ta ce tambaya ce mai kyau, za a turo ƙarin bayani a zauren WhatsApp da aka buɗe mana. Wata biyar ke nan, ba a turo ba. Duk darussan an tsara su ne don aji mai mutum 30 da tebura masu motsi, kuma kusan babu wani a cikinmu da ke da irin wannan aji. Takardar shaidar halarta ma sai da na bi sau uku kafin ta zo. Abincin rana ba laifi, an kuma kiyaye lokutan salla, wannan na yaba.

Da aka koma karatu na gwada abin da zai yiwu. Benci a kafe ba ya hana mutum juyawa ga na kusa da shi, don haka na fara da wannan: in yi bayani na minti 15, in jefa tambaya, kowa ya yi tunani shi kaɗai minti ɗaya, ya tattauna da maƙwabcinsa minti biyu, sannan in nuna wanda na ga dama. Makon farko ajin ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Wasu suna kallona kamar na ƙi yin aikin da ake biyana. A mako na uku sai da na riƙa buga tebur kafin su yi shiru.

Na kuma ƙirƙiro nawa darasin saboda yaron nan na wurin zubin dakin. Na roƙi wani dattijon birkila da ya taɓa yi mini aiki ya zo aji, na biya shi kuɗin yininsa. Kowane rukuni ya aiko mutum ɗaya, ni zan zaɓa, ya yi masa bayani cikin minti biyu, da Hausa ko da Turancin kasuwa, ba allo ba lissafi. Wani zai faɗa masa dalilin da ya sa ba a ƙara ruwa a kwaɓi, wani dalilin sa biskit, wato 'yan guntayen siminti, a ƙarƙashin rodi don kada ya kwanta a kan katako, wani dalilin ci gaba da ba kankare ruwa kwanaki bayan zubi, wani kuma me ya sa ake jiran kwana 28 kafin a yanke hukunci kan ƙarfinsa. Dattijon ne alƙali. Na farko ya fito ya fara zuba Turanci, dattijon ya saurare shi har ƙarshe ya ce, "Ɗana, ban ji ba." Na biyu ya yi magana kamar mai ba da umarni, dattijon ya ce masa, "Ni shekara 30 ina wannan aiki, gini bai taɓa faɗo mini ba." Yaron ya rasa ta cewa. Sai wata ɗaliba ta fito, ta rusuna ta gaishe shi, ta ce, "Baba, kun fi ni sanin aikin nan. Amma in an dama kunu aka cika masa ruwa, yana riƙe ciki?" Ya yi murmushi ya ce a'a. Ta ce haka siminti yake, ruwan da ya wuce kima in ya bushe ramuka yake bari a ciki. Ya ce, "Wannan in ta zo wurin aikina zan ji maganarta." Ajin ya ɗauki tafi, kuma na ga mazan da suka fi ta maki a jarrabawa suna rubuta abin da ta faɗa.

Batun maki ni na yi ta fama da shi ni kaɗai. Na buga takardar auna juna na raba, kowa ya ba kowa goma bisa goma. Ba wanda zai rage wa ɗan ajinsu maki a rubuce, kunya da zumunci ba za su bari ba, kuma masu bitar ba su taɓo wannan ba ko kaɗan. Abin da ya yi aiki shi ne ranar kare aiki in jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa kansa shi zai amsa tambayoyi a madadin rukuni, kuma amsarsa ce rabin makin kowa. Nan take masu ƙoƙari suka fara zama da raunana suna koya musu, don makinsu na hannunsu. Biyu daga cikin haziƙan ajin sun zo ofis suna cewa an zalunce su. Na fahimce su, na rage kason zuwa kashi ɗaya cikin uku, amma ban janye ba. Akwai kuma asarar da dole in faɗa: wannan hanya tana cin lokaci, babi biyu na ƙarshen manhaja sai a gurguje na yi su, kuma rukunoni 34 sun cinye mini Asabar biyu wajen sauraron kare aiki.

Ga malamin da bai taɓa ganin ana koyarwa ta wata hanya ban da tsayuwa gaban allo ba, kwana biyun farko kaɗai sun isa kuɗin, musamman in sashe zai biya. In har da hali a tafi mutum biyu daga sashe ɗaya, domin ni da na dawo ni kaɗai ba wanda zan yi shawara da shi. Kafin a biya, a tambaye su kai tsaye ko sun ƙara zama kan aji mai mutum fiye da 100 da kuma hanyar ba da maki da takarda da biro. Ni na rubuta musu wannan a takardar jin ra'ayi, na sake aika wa Baba saƙo da bayanin abin da na gwada da birkila da ƙuri'a. Ya kira ni da kansa, ya ce in rubuto masa shi dalla-dalla, yana so ya zo ajina zango mai zuwa ya gani. Na ce masa ranar Talata ce, ƙarfe takwas na safe, ya zo da wuri don benci na gaba yakan cika.